Ruwa a Kwalbar Itanol

Gumel, 9 ga Maris, 1994

Agnes ƙawata,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan ke da Jethro da 'yata Rejoice kuna lafiya, kuma cikin nan ya daina hana ki cin abinci. Mu nan zafi ya kankama, ruwan randa ma sai an lallashe shi kafin ya yi sanyi.

Wani abin dariya zan ba ki, ko da yake tun jiya nake neman inda dariyar take. Kin san sai bana aka tuna da makarantarmu aka kawo kayan gwaji, bayan na shekara biyu ina koyar da kemistiri da alli da rantsuwa. Kwali ɗaya aka sauke: metanol, furofanol, da kwalabe uku na itanol, kowacce da hatiminta. Na ce yauwa, 'yan ajin ƙarshe za su ga abin da suke haddacewa da idonsu. Na haɗa musu irin wanda muka saba yi ni da ke a Zariya. Kwalbar tawada da lagwani ita ce fitila, gwangwanin madara shi ne tukunya, aka kewaye da kwali saboda iska. Ma'aunin zafi biyu gare mu, ina goyonsu kamar tagwaye.

Ga zafin da muka samu a kan kowane mol, awon nan namu na kemistiri. Metanol kilojul 390, furofanol 1,090. Kin ga kowanne ya ɗan haura rabin abin da littafi ya faɗa, kuma a gwangwanin madara wannan ba abin kunya ba ne. Itanol kamata ya yi ya zauna a tsakaninsu, wajen 740. Sai ya ba mu 440. Na ce sakacin yara ne, sun bar fitila a buɗe ta sha iska kafin su ɗora ta a sikeli. Da aka tashi na maimaita da hannuna, ina kashewa ina rufe lagwani, na sake samun kusan haka. Wutar kuma sai tsartuwa take yi, ta mutu, ta bar lagwani jiƙe sharkaf. Wata ɗaliba ta ce, "Malama, wannan ai ɗan'uwan kalanzir ɗin bakin tasha ne." Ban tsawata mata ba.

Ruwa ne a ciki, Agnes. A ƙiyasina ya kai kashi biyu cikin biyar.

Tunda Jethro ne ke karɓar kaya a sito kafin a raba wa makarantu, ki tambayar min shi a hankali wa ya kawo. Ban gaya wa kowa ba sai ke, don a faɗin yankin nan ke kaɗai zan ce wa 440 ki gane ba farashin buhu nake nufi ba.

Hussaini direba zai miƙa miki wannan. Ki huta lafiya.

Taki,
Sumayya

*

Maigatari, 13 ga Maris, 1994

Farfesa tawa,

Sannu da aiki, sannu da zafi. Muna lafiya, godiya ga Ubangiji. Rejoice kullum sai ta tambayi yaushe Anti za ta zo ta yi mata kitso, wai ni hannuna zafi.

Kai, Sumayya, ke dai ba ki canza hali. Shekara biyu kina kukan babu, an kawo kuma kin sa wa kayan ido. Mu nan ko kwalin ba mu buɗe ba, don ɗakin gwajinmu ya koma ma'ajiyar buhunan gero.

Na tambayi Jethro. Ya ce Dogo ne ya kawo, wannan ɗan kwangilar da ke kawo alli da bencina. Kin san irinsa, uwarsa tana gindin murhu. Jethro kuwa ƙirga kwalaye kawai yake yi ya sa hannu. Shi me ya sani game da itanol? Amma hannunsa ne a takarda, kuma in magana ta tashi ba Dogo za a nema ba. Kin fi kowa sanin zamanmu, mu da ba 'yan jiha ba. Tun da aka raba jihar nan daga Kano, kowace shekara sai an sabunta masa takardar aiki, kuma kowace shekara sai mun yi wata guda ba ma barci. Ga ciki, ga kuɗin makarantar Rejoice.

Don Allah kada ki rubuta komai. Ki ƙona musu biyun da ke da kyau, na tsakiyar ki karanta musu daga littafi. Wa zai sani? Mu ma rabin abin da muka sani haka muka san shi.

Ki zo ranar Alhamis mu ci kasuwa. Akwai wata Buzuwa da ke kawo cuku daga tsallake, na ce ta ajiye miki.

Ƙawarki har kullum,
Agnes

*

Gumel, 2 ga Afrilu, 1994

Zuwa ga Kawu Cindo, Ɗanzomo.

Assalamu alaikum. Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ina gaida Iya da dukan mutanen gida.

Saƙonka ya iso. Ashe maganar har ta kai Ɗanzomo, wai ina sayar da giya a makarantar 'yan mata. Ita dai ƙarya ba ta biyan kuɗin mota. Bari in ba ka labarin daga tushe, don in an tare ka a ƙofar masallaci ka sami abin faɗa.

Ka san kara da ƙirare da gawayi ba zafinsu ɗaya ba. To, aikin da nake koya wa yara shi ne sa wa wannan bambanci lamba. Muna da wasu ruwaye masu kama wuta, 'yan gida ɗaya: metanol shi ne auta, itanol na tsakiya, furofanol babba. Sai mu zuba ɗaya a 'yar fitila mu auna nauyinta, mu kunna ta a ƙarƙashin gwangwani mai ruwa wanda muka san yawansa, mu ga yadda zafin ruwan ya hau. Mu kashe, mu sake auna fitilar, abin da ya ragu shi ne abin da wuta ta ci. Daga yawan ruwan da hawan zafinsa muke lissafa zafin da ya fito, mu raba shi a kan abin da ya ƙone. Shi ke nan.

Ba mu taɓa samun lambar littafi cif, saboda iska na ɗibar zafin, gwangwani na sha, hayaƙi na tafiya da nasa. Amma ɓarawon nan mai adalci ne, kusan daidai yake ɗiba daga kowa. Kamar ka tsayar da 'ya'yanka uku a rami ɗaya ne. Duk za su gajarce, amma na tsakiya ba zai koma tsawon auta ba. Namu ya koma. Shi ya sa na san an tsarma shi da ruwa.

Gaskiya ne itanol shi ne abin da ke bugarwa a cikin giya, kamar yadda shi ne sifirit ɗin da ake goge maka damtse da shi kafin allura. Ban sha ba, ban sayar ba. Abin da na yi shi ne na rubuta wa shugabar makaranta layi huɗu, ban kama sunan kowa ba, na ce kayan ba su da kyau. Na yi hakan ne don an raba irinsu ga wasu makarantu, kuma yara za su je jarrabawa da lambar da suka gani da idonsu. Takardar ta tafi ofis ta dawo da ƙafa biyu. Ko dai ban iya awo ba, ko kuwa ni na ɗiba na sayar wa mashaya na cike gurbin da ruwa.

An kafa kwamiti na mutum uku. Shugabansa malamin tarihi ne, mutumin kirki, wanda na tabbata ya san ranar da aka yi kowane yaƙi. Tunda ba wanda ya san aikin a cikinsu, sun ce a kira wata malamar kemistiri ta sake gwajin a gabansu, da ɗaya daga kwalabe biyun da ba a ɓalle hatiminsu ba. Wadda suka zaɓa ita ce Agnes, ƙawata ta Maigatari, wadda ta zo mana bikin sallah ta ce dambun Iya ya fi na kowa. Ɗaki ɗaya muka kwana shekara uku a jami'a. Akwai abin da take tsoro a cikin maganar, na sani, kuma na riga na rubuta mata cewa zan tsaya in shaida mijinta bai da yadda zai gane ruwa a rufaffiyar kwalba. Amma aiki ta san shi kamar yadda na san shi. Hankalina kwance yake, naka ma ya kwanta.

'Yarka,
Sumayya

*

Gumel, 21 ga Afrilu, 1994

Agnes,

Ina fatan kin isa gida lafiya. Kin fita da sauri har kin bar gyalenki a kan kujera, Hussaini zai kawo miki tare da wannan.

Ina so in yaba miki. Da kin yi ƙarya kai tsaye, da na ji kunya a madadinki. Ba ki yi ba. Duk abin da kika faɗa a gaban kwamiti gaskiya ne, jimla bayan jimla, kuma ban taɓa ganin an jera gaskiya da kyau haka don ta tare hanya ba.

Na tsaya a bakin ƙofa kamar yadda aka umarce ni, na ga komai. Kin ɓalle hatimi, kin cika fitila. Kwalin da nake kewaye gwangwani da shi yana jingine a gefen ƙafarki, ba ki ɗauka ba. Tagogi a buɗe, kika ce zafi ya yi wa manya yawa. Kika ɗaga gwangwanin sama da wutar har tafin hannu zai wuce ta tsakani. Ke da kika taɓa mayar da ni farko a aji biyu na jami'a saboda na bar tazarar yatsa uku. Fitilar ta mutu sau biyu, kika ce iska ce, kika sake kunnawa.

Da lambarki ta fito ƙasa da tawa ma, shugaba ya ce, "To Malama, ashe dai gaskiyarta, kayan ba su da kyau?"

Kika ce, "Ranka ya daɗe, ai haka gwajin nan yake. Ba a taɓa samun na littafi a makaranta. Wani lokaci rabi, wani lokaci ko kashi ɗaya cikin uku. Zafi ne ke tserewa."

Na ce daga ƙofa, "A ƙona sauran biyun a gefensa, a yanayi ɗaya, a gani."

Kika ce, ba tare da kin juyo ba, "Kwalba ɗaya ake tuhuma, ranka ya daɗe. Ba sai mun ɓarnatar da kayan gwamnati ba."

Na ce, "To a ɗebi awo ɗaya a ɗora a sikeli, mai ruwa ya fi nauyi."

Kika ce sikelin ya tsufa, ba za ki rantse a kansa ba. Sikelin da kika gama auna fitilarki da shi.

Shugaba ya ce, "Malama Sumayya, ki yi haƙuri, ba ke ake tambaya ba." Ya dubi agogo, azahar ta yi. Ɗaya daga cikinsu ya tambaye ki ko gwangwanin madarar nan shi ne gwamnati ta amince da shi, aka yi dariya, ke ma kika ɗan taya su.

Yau an karanta min sakamako. Kaya lafiyarsu lau. Malama ta ɗauki ɓacewar zafi a matsayin algus saboda ƙarancin ƙwarewa, ta kuma jefa ma'aikata cikin zargi. In na sa hannu cewa kuskuren awona ne, na nemi afuwa, zan ci gaba da riƙe ɗakin gwajina. In na ƙi, akwai ƙaramar sakandare a Sule Tankarkar da ke neman mai koyar da kimiyyar 'yan aji ɗaya. An ba ni zuwa ƙarshen zango in yi tunani.

Dogo ban san shi ba, bai san ni ba, sana'arsa ya yi. Ke kuwa ke kaɗai ce a ɗakin nan kika san abin da mutuwar fitilar take nufi.

Ki gaida Rejoice.

Sumayya

*

Maigatari, 25 ga Afrilu, 1994

Sumayya ƙawata,

Na gaishe ki, ko ba ki amsa ba. Na karanta wasiƙarki a bayan ɗaki don kada Jethro ya ga fuskata.

Ke kullum maganarki kamar reza, ba a jin zafinta sai an ga jini. To ni ma ki saurare ni. Kin san abin da ake faɗa a kanki a Gumel kafin ranar nan? Har a layin nama na ji ana cewa malamar 'yan mata tana kai kwalabe bayan gari. Yanzu wa ke faɗa? Babu. Tunda aka ce babu ruwa a kwalba, babu wanda ya zuba, babu wanda ya sayar. Na wanke ki daga wannan, kuma ba ki ko ambata ba.

Kin ce za ki shaida Jethro bai da laifi. Na gode. Amma shaidarki a gaban wa? Ke 'yar ƙasa ce, kawunki sananne ne, in an cire ki daga nan za a sa ki can. Mu in an cire Jethro, sai dai mu ɗaure kaya mu hau motar gida da tsohon ciki. Na roƙe ki tun farko kada ki rubuta. Kin rubuta layinki huɗu masu tsabta, kin kwanta kin yi barci, mu muka kwana zaune. Ana gobe gwajin wani ya zo ya gaishe da Jethro a ofis, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya tafi.

Ki sa hannun nan, don girman Allah. Layi ɗaya ne. Kowa ya san ke ce kika fi kowa iya aikin nan, takarda ba za ta canza wannan ba. Bayan shekara wa zai tuna? Ɗakin gwajinki na nan, yaranki na nan, ni ma ina nan in kina so na.

Gyalen ya iso. Cukun da aka ajiye miki ya bushe har ya zama dutse, amma ban ba kowa ba.

Taki,
Agnes

*

Ɗanzomo, 8 ga Mayu, 1994

Zuwa ga 'yata Sumayya, 'yar ƙanwata.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci da gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Iya tana gaishe ki. Mun gama sharar gona, muna jiran ikon Allah.

Bayaninki na fitila da gwangwani na karanta shi sau biyu, na kuma karanta wa maƙwabcina Malam Ilu, ya ce ko shi da bai yi boko ba ya gane. Na yarda da gaskiyarki. Labarin abin da ya faru gaban kwamiti shi ma ya iso mini, kuma na san inda yake miki ciwo. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Yarinyar nan ta ci tuwo a gidana.

Amma a matsayina na uba, shawarata ita ce ki sa hannu. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Na yi aikin gwamnati kafin a haife ki, na ga masu gaskiya da yawa, kuma mafi yawansu a ƙauye na gan su. Sunanki ya fita daga maganar giya, wannan shi ne abin da ya hana ni barci. Saura kuwa maganar lamba ce, ita lamba ba ta da dangi da za su ji kunya.

In kuma kin ƙi, to halin mahaifiyarki ne, ba zan yi mamaki ba. Sule Tankarkar kusa da gida ne, aƙalla ma riƙa ganin ki.

Allah ya yi miki albarka, ya zaɓa miki mafi alheri. Wassalam.

Kawunki,
Cindo

*

Gumel, 17 ga Oktoba, 1994

Sumayya,

Ina gaisuwa. Wannan ita ce ta uku da na aiko tun da kika ƙi sa hannu kika koma Sule Tankarkar, Hussaini kuma ya rantse a hannunki yake ba ki. Na sauka lafiya a watan Yuli, namiji, sunansa Israel. Na sa an dafa miki naki daban ranar suna.

Kin dai ji ni aka dawo da ita makarantarki. Ban nema ba, Allah ne shaida. An ce tunda Jethro a nan yake aiki, kuma an sabunta masa takarda, gara a haɗa mu wuri ɗaya. Na sami komai yadda kika bari, har kwalin da kika yanka, da rubutunki a jikin kowace fitila.

Tambaya ce da ni ta aiki. Sababbin 'yan ajin ƙarshe sun iso darasin ƙona ruwayen nan uku. Na gwada ni kaɗai da itanol ɗin da ya rage, na rufe tagogi, na kewaye da kwali, na sauke gwangwani. Fitilar ba ta kamawa, Sumayya. Sai ta yi tsartuwa ta mutu, lagwanin kamar an tsoma shi a randa. Ba zan iya tsayawa gaban yara da wannan ba, kuma kin san ba ni da bakin neman wani daga ofis. Na tuna kin taɓa cewa akwai wani mai sayar da kayan asibiti a Kano da kika amince da shi. Ki ba ni kwatancensa, in saya da kuɗina, ba sai kowa ya ji ba. Ba don ni ba, don yaran.

Rejoice ta daina tambaya, sai dai in ta ga motar Hussaini ta fita ta duba.

Agnes

*

Sule Tankarkar, 20 ga Oktoba, 1994

Malama Agnes,

Barka da sauka. Allah ya raya Israel. Ga turmin atamfa da sabulu, a yi haƙuri da jinkiri.

Wasiƙarki tana cikin ambulan ɗin nan, na mayar miki, don kada ki kwana kina tunanin inda zan kai ta. Ba wanda ya gani.

Na ja layi a ƙarƙashin jimloli uku: inda kika rufe tagogi, inda fitila ta ƙi kamawa, da inda lagwani ya jiƙe. Ki kwafe su a farar takarda, ki sa hannu, ki kai wa shugaban kwamiti. Ranar da kika kai, ba sai na ba ki kwatance ba, ni da kaina zan hau motar Kano in kawo wa yaran kwalba.

Kafin nan, wadda ke hannunki an tabbatar lafiyarta lau. Ki yi aiki da ita.

Ki huta lafiya.

Sumayya